Tarkuna Masu Ƙamshin Amarya

Ban taɓa zaton zan je roƙon Ladan wani abu ba, amma dila ya kai ni. Ladan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana zaune a Umbadda, yana da ɗan shagon kayan keke, ya kuma koyi tafiyar mutanen birni, wadda kai ke riga ƙafa isa. Ni ina Jabal Awliya, ina soya kifi a bakin madatsar ruwa.

Ɗana Tahir shi ne mai kula da tarkunan mahaifinmu. A shekarun nan da sojoji ke tsayar da bas su sauke samari zuwa aikin soja na dole, aka sauke shi a hanyar Khartum, da ledar tumatir a hannunsa. Abin da ya bari mai rai a gidan shi ne jar akuyarsa. Wani direba ya kawo mini saƙonsa cewa in riƙe ta, kada in sayar, yana nan dawowa. To ga ta da tsohon ciki, ga dila ya gano ƙasan shingenmu na ƙaya. Da dare tana kwana a ɗakina. Amma da asuba dole in fita tarbar masunta, kuma dilan ya san lokacin fitata fiye da maƙwabtana. Ya riga ya gama da kajina.

Tarkunan sun yi tsatsa, ni kuwa Baba bai koya wa mata wannan aikin ba. Na zuba su a buhu, na hau mota har Umbadda.

Da Ladan ya ga abin da ke cikin buhun, sai da ya leƙa waje ya rufe ƙofa. Ya ce ban san halin da ake ciki ba, cewa kwanan nan an tafi da wani maƙeri a layinsu saboda tulin ƙarafa, kuma idan 'yan kwamitin unguwa suka ga duro yana tafasa a gidansa za su ce giya yake dafawa. Na ce masa su zo su ɗanɗana. Na tuna masa cewa da kuɗin fatar dila aka saya masa wandon farko. Bai ji daɗin maganar ba, ni ma ba don ya ji daɗi na faɗa ba.

Gaskiya dai hannunsa bai manta ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya goge ƙarafan da toka da ruwan zafi har maiƙo da tsatsa suka fita. Ya sa ƙusa a bakin kowane tarko don rini ya shiga ko'ina. Ya daka bagaruwa ya zuba a rabin duro, ya nutsa su a ciki, suka yi ta tafasa har suka koma baƙi ƙirin. Da suka bushe ya narkar da kakin zuma, yana tsoma su ɗaya-ɗaya da waya mai ƙugiya, yana jira ƙarfen ya ɗauki zafin kakin kafin ya ɗaga, don kada ya yi kauri. Har faɗa ya yi mini da na matso. Ya ce daga yanzu hannu ba zai taɓa su ba, ni kuma warin kifi nake yi, dila zai ji ni tun daga bakin kogi. Abin da ya rage shi ne a rataye su a fili, iska ta buge su kwana biyu. Na koma gida saboda akuyar, a kan zan dawo in karɓa.

Na dawo na tarar an ɗaure buhu tsaf, har da igiya biyu. Ladan ya ce kada in buɗe sai a inda zan kafa. Matarsa Ikhlas ta ba ni shayi, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

A gindin shinge na kwance buhun. Ƙamshi ya buge ni, na itacen talih da sandal, irin na hayaƙin da matan aure ke zama a kansa su turara jiki. Nan take na gane. Tsoron idon maƙwabta ya hana shi ratayewa a tsakar gida, sai ya kai su ɗan ɗakin da Ikhlas take turare, ya ja ƙofa. Kaki kuwa ba abin da ya iya kamar shan wari. Namiji da gemunsa, ɗan maharbi, ya mayar da tarkon ubansa amarya! Na zauna a ƙasa ina zaginsa ni kaɗai, har akuyar ta daina tuƙa tana kallona.

Na goga musu kashin awaki, na binne su a hanyar da dilan yake bi. Da safe na ga sawunsa. Ya zo, ya tone ƙasa a gefen kowane tarko har ƙarfen ya fito fili, ya yi kashi kusa da na ƙarshe, ya wuce. Na daina fita kasuwa, na zauna gadi. Amma wanda bai fita ba ba ya ci, kuma masunta sun fara ba wata kifina. Ranar da na fita, ranar naƙuda ta kama akuyar.

Ban so in faɗi abin da na tarar. 'Ya'yan biyu babu su. Ita tana kwance a jikin shinge, bayanta a yage, tana numfashi tana kallon ƙofa. Na kira maƙwabcina Jafaru ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Na riƙe mata kai.

Cinya guda na naɗe a takarda, na sake hawa motar Umbadda. Ban je gidan ba, shagon na nufa, da rana tsaka, mutane na zaune a benci. Na ajiye masa a kan tebur, tsakanin tayoyi.

"Yaya Turai, mene ne wannan?"

"Akuyar Tahir ce. Na kawo maka rabonka."

Ya dubi mutanen, ya sassauta murya. Ya ce shi ma yana da 'ya'ya, da an tafi da shi wa zai ciyar da su. Ban ce ƙarya yake ba. Da ya gaya mini haka tun ranar, da na ɗauko tarkunan da zafinsu na rataye a bishiyar gidana.

"Malesh, yi haƙuri, Yaya. Zan saya miki wata, ja, irinta sak. Tahir ba zai gane ba."

"Shi ya karɓi haihuwarta, Ladan. Zai gane."

Na rasa sauran zagin da na yi ta tarawa a mota. Na juya na fita, yana kirana, ban waiwaya ba.

Na isa gida bayan la'asar da ɓawon kankana a leda. Na tsince shi ne a tasha, kamar kullum, sai da na zo bakin shinge na tuna babu mai ci.