Kabarin da Ke Saman Gonar Dankalina

Zothani da mijinta Rinawma sun zo ƙauyenmu ne a shekarar da na cika shekara uku da rasuwar mijina. Daga Mizoram suke, can gabashin Indiya, majami'arsu ce ta turo su aikin sa kai. Ita tana taya ungozomarmu a ƙaramin asibiti, shi kuma likitan dabbobi ne. Ɗakin da ke gefen gidana babu kowa a ciki tun da ɗana ya tafi Bishkek, sai na ba su. Mun san Kiristoci ne. Ba su ɓoye ba, ba su kuma dame mu da shi ba. Ranar Lahadi sukan rufe ƙofa su yi waƙoƙinsu su biyu, da rana kuma Rinawma ya fito ya duba kofaton dokin wani.

A kakarsu ta biyu mahaifin Zothani ya kawo ziyara. Sunansa Thangkima, tsohon malamin makaranta, ɗan ƙaramin mutum mai furfura. Abin da ya rikita ƙauyen shi ne fuskarsa: kai ka ce a nan Narin aka yanke masa cibiya. Tsofaffi su tare shi a hanya su zuba masa gaisuwa da Kirgizanci, shi kuwa sai murmushi.

"Jenge, baƙon naki kurma ne ko girman kai ne?" in ji Tologon, ƙanen mijina, wanda gidansa ke ƙetaren magudanar ruwa. Jenge dai haka muke kiran matar yaya.

"Ya fi ka ji. Kai da kake da kunne me ka taɓa saurara?"

'Yarsa tana ce masa "Kapa", mu kuwa a kunnenmu kamar "apa" ne, yadda muke kiran uwa. Mata suka yi ta dariya, wai ga dattijo da gemu ana kiransa inna. Da aka fassara masa, ya fi kowa dariya. Tologon da kansa ya ɗora masa farar hular ulu irin ta mazanmu, bai sake cire ta ba.

Wata ɗaya ya zo yi, ya yi uku. Ya taya ni tonon dankali, yana tsugune kamar yaro, yana ɗan rera waƙa ta hanci. Ba ma jin maganar juna, amma mun yi hira da yawa.

Wata Alhamis ina soya borsok ya leƙo kicin. Mu duk Alhamis sai mun ɗora mai a wuta mun soya gurasa, ƙamshin ya tashi ya kai wa mamatanmu, a karanta musu addu'a a ambaci sunayensu. Ya kira Zothani ta tambaye ni, na bayyana. Sai ya ce mata wani abu. Fuskarta ta canza. Eje take ce mini, wato yaya.

"Eje, wai ki haɗa da sunan mahaifiyata, Lalbiaki. Amma mu ba ma yin haka. Namu mamatan suna wurin Ubangiji, ba sa jin yunwa." Ta juya ta faɗa masa da harshensu, da ɗan zafi. Ya amsa a hankali.

"Me ya ce?"

"Wai ya sani, shi ya koya mini. Wai amma tana son ƙamshin suya."

Na haɗa da sunan.

A farkon Disamba aka kwana biyu ana zuba dusar ƙanƙara. Safiya ta uku rana ta fito, na fita ba kaji hatsi, na same shi zaune a bencin da ke jikin bangona, hannuwa cikin aljihu, hula a kai, yana fuskantar duwatsu. Na gaishe shi. Na ba kaji hatsin, na dawo na sake gaishe shi. Sai na ga dusar da ta sauka daga rufi ta zauna a kafaɗarsa, bai kakkaɓe ba. Ashe a zaune ya cika.

Hanyar kan dutse ta toshe, aka ce sai bayan kwana biyar ko shida mota za ta wuce. Babu yadda za a kai shi birni, balle gida. Dattawa suka taru a gidan Tologon. Ina kai musu shayi ina jin komai.

"Maƙabartarmu ta iyayenmu ce," in ji Tologon. "Mutumin kirki ne, ni na ba shi hula. Amma ba namu ba ne. In na kwanta can gobe, me zan ce wa mahaifina?"

Babu wanda ya musa. Rinawma yana tsaye bakin ƙofa, mutumin da ya sa hannu cikin cikin saniyar kusan kowa a ɗakin. Bai roƙi komai ba, ya ce kawai, "Ku nuna mini inda ba zai dami kowa ba, zan haƙa."

Na ajiye butar shayin na ce a kai shi saman gonar dankalina, wajen duwatsun nan uku. Tologon ya harare ni.

"Jenge, ƙasar yayana ce."

"Yayanka ba ya noma yanzu. Wannan kuwa ya tone ta da hannunsa."

Ƙasa ta daskare kamar ƙarfe. Sai da aka ƙona busasshen kashin tumaki a wurin rabin yini kafin diga ta shiga. Da azahar na hango mutum biyu a kan tudun. Ɗaya Rinawma, na biyun Tologon ne, da digarsa.

Mun kafa bukkar ulu a tsakar gida kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, muka shimfiɗe shi ciki. Zothani ta lulluɓe shi da wani zane mai ratsin baƙi da ja da ya zo mata da shi tsaraba. Ta zauna ba hawaye, har abin ya ba ni tsoro.

"Eje," ta ce, "da a gida ne, yanzu babu wurin sa ƙafa. Unguwa gaba ɗaya za ta zo da ganga, a yi ta waƙa har kwana uku. Shi ne ke ba da waƙar a gidan kowa. Shekara arba'in."

Ta tashi ta ɗauko bokitin da nake tatsar nono, ta kife shi a cinya, ta fara bugawa da tafin hannu a hankali. Ita da mijinta suka ɗauki waƙa. Murya biyu a cikin bukka, waje kuwa fari fat, ko kare ba ya haushi. Ban taɓa jin abu mai kaɗaici haka ba. Ban san lokacin da na juya fuskata ga bango na fara kukan makoki irin namu ba. A kukan nan ana lissafa dawakan mamaci da zuriyarsa da alherinsa, ni kuwa ban san komai nasa ba. Na ce mai tonon dankali, na ce baƙon da bai ƙi abincin kowa ba, na ce ka yi nisa da gida, dattijo, ka yi nisa. Matan maƙwabta da ke tsaye a waje suka shigo ɗaya bayan ɗaya suka kama mini. A nan Zothani ta fashe da kuka.

Da bazara suka koma gida, tana da ciki. Ta riƙe hannuna ta ce za su dawo su ɗauke mahaifinta in takardu sun yiwu. Suka bar ni da shi.

Karon farko da na gan shi, ina cire ciyawa a gonar ne, rana tsaka. Na ɗaga kai, ga mutum tsaye wajen duwatsun uku, farar hula a kai, ya ba ni baya, yana kallon kudu maso gabas. Na ɗauka makiyayi ne. Na sunkuya na ciri ciyawa, na sake ɗagawa, babu kowa, kuma babu inda mutum zai ɓuya a tudun nan. Bayan haka nakan gan shi sau biyu ko uku a shekara. Bai taɓa juyowa ba. Wani lokaci kuma, in iska ta taso daga sama da la'asar, sai in ji bugu a hankali, dum, dum, in je in duba bokitina, yana rataye a ƙusarsa.

Ba tsoronsa nake ji ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, namu suna can ƙasa tare, miji kusa da mata, kaka kusa da jika, shi kuwa shi kaɗai a sama, ko wanda zai ji harshensa babu. Ban gaya wa kowa ba, sai wata rana Tologon ya tsaya a shingena yana ta murza linzami.

"Jenge, kin ba wani makiyayi izinin hawa tudunki?"

"A'a."

"To." Ya dubi tudun. "Hular tawa ce. Na gane ɗinkin."

Daga ranar ya daina bi ta wannan gefen da tumakinsa.

A damina ta huɗu suka dawo, da 'yarsu ƙarama da takardu da akwatin ƙarfe. 'Yan'uwan Zothani maza sun matsa a kawo dattijon kusa da mahaifiyarsu. Kafin a hau tudun, muna shan shayi mu biyu, ta tambaye ni.

"Eje, ya dame ki?"

Na ce bai dame ni ba. Gaskiya ce, amma ba duka ba.

"Ina mafarkinsa," ta ce. "Kullum a nan, ban taɓa ganinsa a gidanmu ba. Yana yi mini magana, yana ta bayani da hannu yadda ya saba, amma da Kirgizanci. Irin na tsofaffi, mai sauri. Rabi kawai nake kamawa, in farka kuma ya gudu." Ta juya kofin a hannunta. "Na gaya wa fastonmu, ya ce kewa ce. Ban sani ba ko daidai muke yi."

Na ƙara mata shayi.

Rinawma da Tologon ne suka tone. Mata ba sa zuwa kabari a wurinmu, don haka na tsaya a ƙasan gona riƙe da yarinyar, ita kuwa uwar ta hau. Suka sauko da akwatin a kan doki, bai fi nauyin buhun iri ba. Na raka motar har gada, Zothani tana ɗaga mini hannu ta tagar baya har suka sha kwana.

Da na dawo na tarar da Tologon a bakin magudanar ruwa yana wanke shebur. Ya wanke ya sake wankewa.

"Ka rufe ramin?"

"Na rufe."

"To, ya tafi gida ke nan."

Bai ɗago ba. Ya goge shebur ɗin da ciyawa, ya saɓa a kafaɗa, ya taka zuwa ƙetare. Sai da ya kai tsakiyar katakon da ke kan magudanar ya tsaya.

"Jenge, bana ki bar saman gonar ta huta. In kuma dole sai kin hau, ki aiko a kira ni mu hau tare."