Mai-aski da Ɗansa a Sabon Gida

"Ba haka ba, Dogo. Murza lagwanin ƙasa tukuna, sannan ka hura."

Ina tsaye a ƙofarsu da almakashin da na zo mayarwa. Baba Mai-aski yana kan katifa ya dogara da gwiwar hannu, ɗansa kuma na durƙushe gaban risho. Dogo ya haura arba'in, furfura ta fara fito masa a gemu, amma hankalinsa na yaro ne, haka aka haife shi. Ya hura, wutar ta mutu, ya juyo yana dariya.

"Yaya, kin ga na kashe?"

Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma Yaya yake ce mini.

"Na gani," na ce. "Saura ka iya dafa mana abin da za mu ci."

Bara ne hukumar birni ta kwaso mu daga tsohuwar unguwarmu, da za a faɗaɗa titi, ta zuba mu a waɗannan benaye masu sauƙin haya. Ɗakunan ƙasa na tsofaffi ne da masu lalura. Mai-aski ya samu ciki da falo, da famfo da banɗaki nasa na kansa, ƙofarsa na kallon tagar da nake ɗinki. Ranar da suka tare sai da ya shafa bangon ya ce, "Ashe zan kwana a ɗakin da ba mai zuwa ya ce in tashi."

Bai daɗe yana morewa ba. Ƙafafunsa suka kumbura, aka kwantar da shi asibiti, aka sallamo shi.

"Likita ya ce in je gida in huta," ya gaya mini. "Na gane irin hutun da yake nufi. Ba mutuwar nake tsoro ba, 'yata. Yaron nan ne."

Dokar gidajen a fili take. Mai lalura irin ta Dogo, in babu mai kula da shi, gidan kulawa da ke bayan gari ake kai shi, a ba wani ɗakin, don masu jira suna da yawa. Sai fa in an tabbatar zai iya riƙe kansa. Matar Mai-aski ta daɗe da rasuwa, dangi kuwa kowa na fama da nasa. Dogo ko kwana ɗaya bai taɓa yi a inda bai san kowa ba.

Shi ya sa tsohon ya mai da katifarsa makaranta. Yau kulle ƙofa, gobe rufe famfo, jibi dafa shinkafa. Shinkafar farko da Dogo ya kawo mini, mijina ya ɗanɗana ya ce a ajiye ta, ko bango ya tsage a yi liƙi da ita.

Ran da jami'ar walwala ta zo, wadda muke kira 'Yar Ofis, Mai-aski ya sa aka zaunar da shi, ya sa hula. Ta ce kowa ya yi shiru, Dogo ya dafa mata shayi shi kaɗai. Ya dafa, ya zuba, ya miƙa mata da hannu biyu. Risho na can yana ci. Tsohon ya yi tari. Ya sake yin tari, yana kallon rishon.

"Baba," in ji ta, "tarin nan na gane shi."

Ta tashi ta kashe wutar da kanta. Mai-aski ya sunkuyar da kai.

"Ranki ya daɗe, kwanaki nake buƙata, ni kuwa ba ni da su."

"Ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba," ta ce. "In na ce a bar shi, gobara ta tashi, ba shi kaɗai za ta ci ba. Akwai wanda zai riƙa leƙa shi?"

Na ce safiya tawa ce, tunda keken ɗinkina na bakin taga. Mai gadin benayen, da ya zo kallo ya tsaya a ƙofa, ya ce shi zai ɗauki yamma. Ta ce za ta kai maganar gaba, amma ba ta yi alkawari ba.

Bayan nan tsohon bai ƙara tashi zaune ba. Murya ma ta ƙi, sai ya nuna da yatsa, Dogo ya je ya yi.

Wata safiya ina zare ɗinkin wata riga, Dogo ya ƙwanƙwasa.

"Yaya, Baba ya ƙi shan shayi."

Na bi shi. Kofin na gefen katifa yana tururi. Mai-aski ya juya fuskarsa bango, hannunsa ya riga ya yi sanyi. Na ja mayafi na rufe shi. Da na waiwaya na ga rishon a kashe, an murza lagwanin ƙasa, ashana na bisa kanta.

Maza suka yi abin da ya kamata, aka kai shi kafin rana ta take. Dogo ya bi su ya dawo, ya tambaye ni ko can ma akwai famfo. Na ce akwai.

'Yar Ofis ta zo gaisuwa, na gaya mata yadda na tarar da rishon. Bayan mako biyu ta dawo da amsa: an bar masa ɗakin na gwaji, ita kuma za ta riƙa zuwa duk mako. In abin bai yiwu ba, za a ɗauke shi. Har yanzu a kan haka muke.

Jiya da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, na ruga in ga ko ya rufe taga. Ya rufe. Amma ya jera kwanoni a ɗakin, ɗaya kan katifa, ɗaya bayan ƙofa, bokiti a tsakiya, yadda suke tarar yoyo a tsohon gidansu. Yana zaune a ƙasa ya rungume gwiwa, ya ɗaga kai yana kallon rufi.

"Bai fara ba tukuna," ya ce.

Na zauna kusa da shi. Ruwa na dukan taga, kwanonin kuwa a bushe.