Gadon da Baba Sallau ya ƙi hawa

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Ta ƙaraso, muna ji.

A Yelwa akwai wata mata mai sana'ar kifin banda, sunanta Mairo. Mahaifinta Sallau shi ya sari tungar da ake kira Tungar Sallau, can ƙasar Ngaski a bakin tafki, kuma shekara sittin ya yi yana su kafin ƙafafunsa su ƙi shi. Yanzu daga tabarma sai inuwar ɗaki. Sunan uwarsa Mairo ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai da Innata.

To, tungar nan kowace shekara in damina ta yi nisa, ruwa kan biyo ta bayan gari ya cika fadama, ya raba ta da tudu. Ruwan nan kuwa mugun ruwa ne, ya yi wa mota yawa, ya yi wa jirgin inji kaɗan, ga ciyawar burugu da karan dawa masu naɗe farfela. Bara kwana uku tsohon ya yi a kan rufin ɗaki shi da matarsa Altine kafin a samu fito da su. Tun ranar Mairo ta rantse ba za a sake ba.

Sai ta sayi wata tsohuwar a-kori-kura, irin wadda ƙafafunta huɗu duk ke ja, ta tura ta garejin Enoch mai walda. Enoch mutumin tudu ne, iyayensa manoma, in dai ƙarfe ne yana jin maganarsa, amma ko a rafi bai taɓa iyo ba.

Wata biyu ana aiki. Ya ƙara mata sifirin har ta yi tsayi sai an taka abu ake shiga. Ya sa manyan tayu masu gurza-gurza. Ya ja bututun da inji ke shaƙar iska da shi, ya hau da shi ta gefen gilashi har saman kai, mata masu wucewa suna cewa motar Mairo ta yi hanci. Ya ƙara tanki na biyu don doguwar tafiya, ya ɗaura jarkoki, ya kafa ƙarfe a gaba da igiyar ja. Sannan ya ɗauki jan fenti ya ja layi a jikin ƙofa.

"Yaya Mairo, kin ga layin nan? In ruwa bai kai shi ba, muna wucewa. In ya haye shi, ni da ke sai addu'a, kowa da irin tasa."

Saura abu guda, wanda Mairo ta fi ji da shi. Ta sa ya ƙera wa Baba gado a baya: dogo, siriri, na rodi da ragar waya, da hannuwa biyu gaba biyu baya, don a ɗauko shi daga ɗaki a zura cikin mota ba tare da an wahalar da shi ba. Ta sayo katifa sabuwa, ta shimfiɗa farin zane. Ita dai ta ga ya yi kyau.

Ranar wata Laraba da hantsi aka bugo mata waya, ruwa ya fara shiga fadama. Kafin azahar sun isa. Da suka ratsa fadamar ruwan iyakarsa gwiwa, jar ƙasar hanya ana ganinta ta ƙasa. Mutanen tunga duk sun riga sun fita da ƙafa, kaya a ka, saura tsofaffin biyu da awakinsu.

Inna Altine ta riga ta ɗaure ƙullinta. Enoch da Mairo suka sauko da gadon, ɗaya gaba ɗaya baya, suka ajiye a ƙofar ɗaki. Baba Sallau ya dubi gadon. Ya dubi farin zanen. Ya dubi hannuwan nan huɗu.

"Innata, wa ya rasu?"

"Subhanallahi, Baba! Gado ne na sa aka yi maka."

"Wanga makara ce. Na ɗauki irinta ta hi sau ɗari, na san hannunta."

Inna Altine ta leƙo, ta kama baki, sai dariya ta kuɓuce mata. "Wallahi Mairo makara ce. Har da likkahwani kin taho da shi!"

Enoch ya ce, "Baba, ni na ƙera shi, kuma da ma'auni..."

"Ai na ga alama. Ɗan tudu, har tsawona ka auna? To ku maida abinku. Ranar da za ni hau wanga, ba za a tambaye ni ba."

Mairo ta yi lallashi. Ta cire farin zanen ta shimfiɗa atamfa, ya ce an dai yi wa makara ado. Ta ce to ya zauna gaba kusa da direba, ya ce shi ba buhun albasa ba ne da za a kwasa, nan ya kafa, nan zai zauna, bara ma ruwan ya zo ya gaishe shi ya koma. Ta tuna masa ƙafafunsa tun bara ba su sake taka ƙasa ba. Ya juya mata ƙeya. Ana cikin haka aka yi la'asar, kuma ruwa bai tsaya jiran kowa ba, har ya fara lasar gindin rumbu.

Enoch ya je ya duba fadama ya dawo fuskarsa ta canza. Ya ja Mairo gefe yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, hanya ta ɓace. Ko'ina ruwa ne fari fat. Ni dai zan saita giginyoyin can biyu in miƙe tsakaninsu, haka na ga mun shigo."

Tsohon ƙafa ce ba shi da ita, kunne ras yake. Ya yi tsaki daga kan tabarma.

"Tsakanin giginya? Nan hwa ramin da aka ɗebi ƙasar gini yake. Raƙumi ma nutsewa shikai."

Mairo ta buɗe baki za ta ce masa ya bari su ji da abin da ke gabansu, sai ta tsaya. Wata biyu tana shirya wa ƙafafun mutumin nan wuri, ba ta taɓa tuna abin da ke cikin kansa ba. Ta zo ta durƙusa gabansa.

"Baba, to ina hanyar take?"

"Ba ta hwaɗuwa da baki. Sai an taɓa."

"To mu ba mu iya ba. Enoch ko iyo bai iya ba. In ka bar mu, ni da Inna da shi ramin nan za mu."

Ya juya ya dubi ruwan. Can ya ce, "Altine, miƙo mani gwangwalata."

Ita ce doguwar sandar da yake tuƙa jirgi da ita, tana nan soke a rufin ɗaki, hayaƙi ya mai da ita baƙa. Ya sa aka jingina ta da ƙofar mota, ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure daidai jan layin Enoch. Sannan ya ce ba zai zauna ciki ba, mai duba ruwa a goshin jirgi yake zama. Suka ɗaure tayar ko-ta-kwana a kan murfin inji, suka ɗora shi, suka zagaya masa zane a ƙugu suka ɗaure da ƙarfen gaba.

Gadon kuwa aka mayar baya. Awaki uku suka haye katifar suka kwanta, Inna Altine ta zauna gefe da kwandon kaji tana cewa su dai ba su ga makara ba.

Enoch ya tada mota, ya leƙo ta taga. "Baba, ka tare mini hanya!"

"Wace hanya? Ba kai ka ce ba ka ganinta ba? Bayana za ka kalla. In na karkata dama ka bi, in na ɗaga hannu ka tsaya."

Suka shiga ruwa a hankali. Tsohon na soka gwangwala, yana zarewa, yana duban inda ta jiƙe. Wani wuri har sansana bakinta yake. "Hagu. Hagu na ce, ɗan tudu, hannun da ba ka cin tuwo da shi!" Mairo na zaune kusa da Enoch, ta leƙa tana kallon jan layi, ruwa na hawa, saura taki ɗaya, saura rabin taki.

Sai hannu ya tashi sama. Enoch ya taka birki har kaji suka yi kuka. Baba ya soka gwangwala gabansa, ta tafi, ta tafi, tsumman ya nutse, hannunsa ma ya shiga ruwa bai taɓa ƙasa ba. Ruwa ya yanke hanyar da suka shigo ta kanta.

Tsohon ya dubi dama, ya dubi wata tsamiya can nesa.

"Koma baya tsawon jirgi guda. Akwai turbar shanu ta gehen gonar Ya'u, marmara ce ƙasanta, ba ta zabtarewa. Nan nike bi zuwa zance wurin waccan da ke bayanku."

Daga bayan mota Inna Altine ta ɗaga murya, "Ƙarya shikai, sau biyu ya zo, sauran aike ne!"

Suka bi turbar. Ruwa ya zo saura yatsa biyu ya taɓa layi, ya tsaya nan, ya daɗe a nan, Enoch na waƙar coci ƙasa-ƙasa, Mairo na salati. Sai aka ga taya ta fara fitowa, sai ga ciyawa, sai ga jar ƙasa busasshiya. Mutanen tunga da ke zaune a tudu da kayansu suka miƙe, mata suka rangaɗa guɗa.

Mairo ta sauko da gudu za ta kwance shi, ya ce ta dakata. Zafin injin nan, in ji shi, ya shiga gwiwoyinsa, rabon da ya ji daɗinsu haka tun bara. Sai da aka kai bakin kwalta ya yarda aka mai da shi kujerar gaba, gwangwalar kuwa aka ɗaure a saman mota. Motar ta koma sau biyu a washegari ta turbar shanun nan, ta kwaso hatsin mutane, shi ne a goshi.

Baba Sallau da Inna Altine suka yi wata biyu a gidan Mairo a Yelwa, da ruwa ya janye suka koma tunga. Yanzu duk tafiyar da Mairo za ta yi da kifi, Kontagora ko Zuru ko Sakkwato, shi ne a kujerar gaba, yana gyara wa direba tuƙi a kan kwalta. Enoch ya ƙera masa kujera mai jingina a goshin motar saboda damina, kuma tsohon ya koya masa iyo daga bakin gaɓa, da baki da gwangwala. Katifa ta zama ta Inna Altine bayan an wanke ta sau uku. Gadon kuwa Mairo ta ɗora shi a kan murhu, tana banda kifi a kansa har yau.