Giyar Babur ɗin Yaya

Karo na uku ke nan a wata guda da Yaya ya turo babur ɗinsa na haya zuwa rumfar ƙanensa bakanike. Kukan dai ɗaya ne: giya ba ta shiga ta biyu, sai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Bakaniken ya gaji. Sau biyu yana kwance injin yana sake haƙoran giya da suka cinye, kuma in shi ya hau, babur lafiya lau yake tafiya.

"Kai dai ka ce aikin ya fi ƙarfinka," in ji Yaya. "Riƙon sifana kawai ka iya."

"Hau ka zagaya in gani, Yaya."

Ƙanen ya tsaya bakin rumfa yana kallo. Yaya ya doki giya da dunduniya, yatsunsa na hagu suna kwance a kan kuloci, wanda sai an matse shi giya ke shiga lafiya, ko motsi ba su yi ba.

Da ya dawo, ƙanen ya miƙa masa filaya. "Matse min wannan da hagu."

Filayar ta faɗi ƙasa.

"Tun yaushe hannun ya mutu haka?"

"Wata biyu," in ji Yaya, kansa a sunkuye. "In na faɗa, cewa za ku yi in sauka. Yara su ci me?"

Ɓoye ciwo a ɗora wa ƙarfe laifi ba jarumta ba ce, wauta ce. Ƙanen ya zare makulli ya jefa a aljihu.

"Giya zan sake gyarawa. Makulli kuwa sai likita ya ga hannun nan."