Akwatin Rage Shan Mai

Babakura mutum ne mai hankali a komai, in ban da abin da ke da fitila mai ƙyaftawa. A hannun ko wa ya ga irinsa sai ya tsaya, ya tambayi sunansa da aikinsa, ya koma gida da shi. Matarsa Gumsu ta daɗe da daina yi masa magana a kai.

Tun da aka hana babur a garin nan ya bar acaɓa ya koma tuƙa keken mutane, har suka haɗa hannu da maƙwabcinsa Pindar a unguwar Gomari, suka sayi Keke Napep na kansu, sabon samfuri mai injekta, wato na'urar da ke fesa wa inji mai. Babakura ke fita da safe, da azahar ya miƙa wa Pindar makulli. A duk zamansu ba abin da ya taɓa haɗa su musu sai ƙwallo.

Da mai ya yi tsada, wani ɗan kasuwa a bakin Kasuwar Monday ya nuna masa ɗan akwati baƙi, bai fi kwalin ashana ba, da wayoyi da soket. Ya ce tsakanin injekta da wayarta ake soka shi, shi ke gaya wa inji ya rage haɗama. Ya taɓa shi a jikin batir, wata fitila koriya ta ƙyafta. Sauran bayanin Babakura bai ji ba.

Ranar da aka ɗaura akwatin, kaf tashar keke sai da ta zo ta leƙa.

"Ku ci gaba da shayar da gidan mai," in ji Babakura, yana shafa rufin keken. "Ni na yaye nawa."

Har tuƙinsa ya canza. Ya daina ɗumama inji da safe, wai ɓarna ce. Totur kuwa da yatsa biyu yake murɗa shi, kada ya ɓata wa akwatin lissafi.

Ba a yi nisa ba keken ya fara mutuwa. Yana tafiya lafiya lau, da ya rage gudu zai ɗauki fasinja, sai inji ya yi tari ya ɗauke. A unguwar Limanti ya mutu da wasu mata uku da buhun gawayi, motoci na hon a baya.

"Baba, mu sauka mu goya shi ne?" in ji ɗayarsu.

Babakura ya canza fulogi. Ya wanke filta. Ya daina sayen mai a wurin 'yan bumburutu, ya bi layi a gidan mai kamar mutumin kirki. Joseph makaniki ya leƙa inji sau ɗaya ya ce a cire wannan abin wasan yara. Babakura ya dube shi a kaikaice. Wane makaniki ne zai so abin da ke hana inji wahala? Da me zai ci abinci?

Sai ya tambayi Pindar wajen miƙa makulli.

"A hannunka yana mutuwa?"

"Ko tari bai taɓa yi ba, Yaya."

A nan zargi ya shiga zuciyar Babakura. Inji ɗaya, tanki ɗaya, titi ɗaya. Da safe gawa, da yamma doki? Ya fara sa ido. Ya lura kusar murfin inji ta baya tana da sabon karce. Ya lura Pindar na dawowa da baƙin mai a yatsu, shi da ko taya ba ya son taɓawa. Ya kuma tuna wata rana Pindar ya ce surukinsa na neman inda zai sa hannu a harkar keke. To ga hanya. A gajiyar da tsoho da turi har ya ce ya haƙura, ya sayar da rabonsa a wulaƙance.

"Pindar?" in ji Gumsu, tana tace shayi. "Wanda ya yi jinyarka lokacin da ƙafarka ta karye?"

"Ai shi ya sa ya san inda ba ni da ƙarfi."

"Malam, ka cire akwatin nan ka gani mana."

"Ke ma sun yi miki magana ke nan."

Ta ajiye masa kofin ta fita.

Ya yanke shawara shi kaɗai. In ya kama Pindar da hannu a cikin inji, to zama ya ƙare, a sayar da keke kowa ya kama gabansa. Abin bai yi masa daɗi ba, don duk Gomari ba shi da wanda yake kira in ta ɓaci sai Pindar. Amma ya riga ya yanke.

Washegari da azahar ya miƙa makulli, ya yi kamar zai shiga masallaci, ya zagaya ya tare keken wani. Mai keke da kansa a kujerar fasinja, ya ja hula har gira, yana cewa a bi keken Pindar a hankali. Direban ya kalle shi ta madubi, ya ce ko bashi ake bi, Babakura ya ce ya duba gabansa.

Pindar bai yi nisa ba. Ya karya kwana bayan wata katanga, ya tsaya a inuwar dalbejiya, ya kashe inji. Ya waiga dama da hagu. Ya ciro sukudireba daga ƙarƙashin kujera, ya buɗe murfin baya, ya durƙusa.

Babakura ya diro tun keken bai gama tsayawa ba.

"Wushe, sannu da aiki, Injiniya!"

Pindar ya zabura har ya buga kai da ƙarfe. Akwatin na hannunsa, wayoyi na lilo.

"Yaya..."

"Ni ba yayanka ba ne. Me kake zuba masa? Gishiri? Ruwa? Surukin naka ne ya koya maka?"

"Wane suruki? Cire shi nake yi."

"Cire me?"

"Akwatin. Kullum in ka ba ni makulli sai in zo nan in zare shi, in mayar da wayar yadda take. In zan dawo gida in soka maka abinka."

Babakura ya ƙura wa akwatin ido.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka sa shi. Ni ban yarda da abin da ke ƙyafta min ido a cikin inji ba."

"Me ya hana ka faɗa min?"

Pindar ya sosa inda ya bugu. "Haba Yaya. Ka tsaya a tsakiyar tasha ka ce ka yaye keke. Har masu shayi suna kiranka Mai Akwati. Sai ni, ƙaninka, in ce an sayar maka da fitila? Da wane baki?"

"Amma ka bar ni ina turi a Limanti."

"Na ce ko za ka gaji ka cire da kanka. Ban san kana da ƙarfin turi haka ba."

Direban da ya kawo Babakura, wanda ke jiran kuɗinsa, ya kwashe da dariya. Babakura ya sallame shi da sauri. Ya tsaya yana kallon ƙasa, maganar raba keke da ya haddace tun asuba ta bi iska.

"Na zarge ka," ya ce a ƙarshe. "Na ce so kake ka raba ni da keken."

"Na sani. Kwana da kwanaki kana sansana min yatsu in za mu gaisa."

"Ka yafe min."

"Ba komai, Yaya. Me za a ce wa 'yan tasha?"

Suka yi shawara a gindin bishiyar kamar masu raba gado. Aka tsaya a kan za a ce an mayar da akwatin kamfani don a ƙara masa ƙarfi. Babakura ya karɓe shi, ya juya shi a tafin hannu, ya cusa a aljihu, ya ce zai ba Gumsu ta danne murfin tukunya. Pindar ya ɗaure murfin inji, ya kai Babakura har ƙofar gida, bai bar shi ya taka ba.

Ranar Babakura ya ci tuwo har da ƙari. Ya gaya wa Gumsu cewa dama shi tun farko jikinsa bai ba shi Pindar zai cuce shi ba. Ta ce haka ne.

Da safe ya fita ba akwati, waya a mazauninta kamar yadda ta zo daga kamfani. Bai ɗumama inji ba, totur kuma da yatsa biyu, kamar yadda ya saba. Bai kai titin filin jirgi ba, yana rage gudu zai ɗauki fasinjan farko, keken ya mutu.