Wutar Wanka da Wutar Miya

Shekarar da sama ta riƙe ruwanta, soja na kan mulki, shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Kance har nama ya fi gero araha. A shekarar ce A'ishatu ta zo Matameye gidan uwarta Baiwa, wankan haihuwar fari.

Baiwa ba raguwa ba ce. Tun ciki bai tsufa ba ta sayi cinyar wata ramammiyar saniya, ta yanyanka, ta barbaɗe da gishiri da barkono, ta shanya. Itace ma ta tara. Sai ga gardin daji, wani Ɗanjuma, ya ce doka ta hana saran itace, ya loda a amalanke ya tafi. Kowa ya san murhun da itacen ya ƙare. Matarsa dai ba a taɓa ganinta tana tsintar kashin shanu ba.

Ya rage mata kara da kashin shanu. Mai jego kuwa dole ruwanta ya tafasa safe da yamma, in ba haka ba sanyi ya shige ta har tsufa. Haka Baiwa ta taras ana yi. Sai ta ba tukunyar wanka wutar duka. Miyar nama kuwa a gefen murhu take ajiye ta, ta yi ɗumi, yau a ɗiba, gobe a ƙara nama a ɗiba. Naman da ya sha rana da gishiri, me zai rage a cikinsa?

Kafin suna, A'ishatu ta fara zawo da jini, jiki kamar garwashi. Aka kai ta likita a kan jaki.

"Inna, miyar tana tafasa?" in ji Illa, mai duba marasa lafiya, da Baiwa ta faɗa masa abin da mai jegon ke ci.

"Tana ɗumi."

"Ɗumi na tambaye ki?"

"Kai yaro, naman nan rana ta gasa shi tun uwarka ba ta yi maka wanka ba!"

"To abin da rana ta bari shi ne mugun. Ƙwayar cutar nan ido ba ya ganinta. Tana da wani hali da ta gada, yana kwance a jikinta, sai wahala ta tashe shi. Gishiri ya hore ta, rana ta hore ta, ɗumin murhunki ya ba ta wurin hayayyafa. In ta isa cikin mutum, tsamin ciki ba ya yi mata komai."

"Kamar mu ke nan," in ji wata mata a kan benci. "Yunwa ta kasa kashe mu, sai mugunta ta ƙara mana."

Aka yi dariya. Baiwa dai hannunta take kallo, wanda ya riƙa tallafe kan yarinyar tana ce mata daure ki ƙara cokali.

Daga nan ofishin gardi ta zarce.

"Ɗan nan, itacena."

"Tsohuwa, je ki gaya wa soja."

"Ni na ɗora tukunyar, ban musa ba, Allah na gani. Amma kai ka kwashe wutar. In yarinyar nan ta mutu, mu biyu ne a wuyanta."

Ya ce a fitar da ita, tana hana shi shan shayi. Har yau ba wanda ya tambaye shi ko sanda ɗaya ta itacen.

Ta koma gida ta zare azarar ɗakinta ta faskara. Komai sai ya tafasa har ya yi ambaliya, ruwan sha ma haka.

A'ishatu ta tashi, ƙashi da fata, nono ya ƙafe, sai matar wanta ke shayar da jaririn. Ranar da aka sallame ta, Baiwa ta kawo kunu yana tururi, ta durƙusa, ta hura cokalin. Yarinyar ta dubi kwanon ta daɗe.

"Na ƙoshi, Inna," ta ce a hankali.

Can Baiwa na bakin murhu ta ji A'ishatu tana kiran maƙwabciyarsu ta kan katanga: "Mariama, ko kina da sauran kunu?"