Na Ɗaya a Gwangwanin Abba

Mahaifina, Bazo, bai taɓa riƙe jita ba, amma duk Timiya babu wanda ya kai shi yanke wa makaɗanta hukunci. Yana da wani tsohon gwangwanin biskit cike da kaset, yadda ya jera su a ciki kuwa shi ne matsayin kowa a duniya. Kullum bayan la'asar abokinsa Risa zai zo, su ɗora shayi a gindin rumman, su kunna rakoda, su kama musu kamar aikin aka ɗauke su.

Gwanin Risa wani baƙar fatan Amurka ne, wanda ya ce jitarsa kuka take kamar taguwar da aka raba da ɗanta. Abba kuwa nasa gwanin wani ɗan Kidal ne, mai jan tsirkiya a hankali. Akwai kuma wani Bature mai gashi har kafaɗa, shi Abba ya ce gudu ya iya bai iya tafiya ba, ya jefa shi na tara. In Risa ya ci musu sai a matsar da kaset ɗinsa gaba, washegari Abba ya faki idonsa ya mayar.

Duk wannan rigimar a kan na biyu ake yinta. Na ɗaya ba a taɓa shi. Kaset ne marar rubutu, naɗe cikin tsumma, ba a kunna shi gaban mutane, ba a faɗin mai shi. Babu wanda ya tambaya, don akwai wani babban makaɗi na garinmu da ya rasu shekarun baya, mu kuwa ba ma kiran sunan mamaci.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Abba. Mijina Agali makaɗin jita ne, ba don nawa ba ne, amma in ya kama tsirkiya har tsofaffin mata sai sun yi guɗa. Shekara shida da aurenmu bai taɓa cin abinci gaban Abba ba, bai taɓa sauke amawalinsa ba. Bikin da zai yi kiɗa Abba ba ya zuwa, in kuma Agali zai gwada sabon abu sai ya ɗauki jitarsa ya yi cikin ƙorama. Haka surukuta take, ba ni da ta cewa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda yake zama jikin katanga da la'asar, wai yana gyaran igiyar rijiya, alhali kunnensa na can. Zai ji an lissafo har na ashirin, har da wani ɗan Arlit da shi ya koya masa ɗaure tsirkiya, bai ji kansa ba.

Ran nan ya ce mini ya gama. Ya sami wanda zai sayi jitar, yana zuwa a motar Alhamis, shi kuma zai bi abokansa haƙar zinariya. Ya ce mutumin da ya fi kowa kunne a garin nan bai ga ya isa shiga gwangwani ba, to wa yake yaudara? Na san ramukan nan, na san waɗanda suka tafi ba su dawo ba.

Ban jira Risa ya tashi ba, na faɗa musu suna kan shayi na biyu.

"Abba, Bature ma mai gashi kamar akuya ya sami wuri a gwangwaninka, uban jikokinka bai samu ba? To ka huta, zai sayar da jitar ya tafi rami."

Abba ya ajiye kofinsa, ya ja amawali har hanci. Sai ya sa hannu a gwangwanin ya ciro na ɗaya, ya miƙo mini bai dube ni ba.

"Kai wa mutumin gidanki."

Risa ya ce, "Bazo, kaset ɗin marigayin za ka bayar?"

"Wa ya ce maka nasa ne? Wanda ya riga mu ba a gwada shi da kowa. Kai ma shekara shida kana shan shayina, ba ka da kai."

Na warware tsumman a gida. Zaren kaset ɗin ya tsinke wuri uku, an liƙe da jan farce, sai a lokacin na gane inda nawa ya riƙa ɓacewa. Muka kunna. Kiɗan wani biki ne tun kafin aurenmu, har da kukan jaki a tsakiya. Agali ya ji kiɗan hannunsa na shekarun baya, ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa duka da rawani. Ni ma na yi kuka, haushin mazan nan biyu da tausayinsu duk suka haɗe mini.

Mai sayen jita ya zo ran Alhamis, ya ci dabino da cuku ya koma ba jita. Da la'asar na ji ana jan tabarma, na leƙa. Abba ne ya baro gindin rumman ya dawo da shayinsa jikin katangarmu, ya zauna ya ba ta baya. Na shiga na ɗauko jitar na ɗora wa Agali a cinya, ya fara kaɗawa.

Ta can na jiyo Risa yana tambayar ina rakoda. Abba ya ce batir ya mutu. Ni kuwa jiya-jiya na saya masa sabo.